Jin Ta Bakin Mai Hali: Hanyar Binciken Zumunci da Zama Ɗan Gida ga Masu Lalurar Otizim a Tsaskiya da Kewayenta

 

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta shimfiɗa hanyar da nake ganin ya kamata a bi, idan ana nufin a san yadda mutanen da Allah Ya halitta da lalurar nan da likitoci ke kira otizim, wadda gidajen rediyonmu suka fi sani da galahanga, suke ɗaukar zumunci da abota, da kuma wuraren da zukatansu ke natsuwa har su ji su 'yan gida ne, a garin Tsaskiya na ƙaramar hukumar Safana da ƙauyukan da ke kewaye da shi har zuwa ƙasar Batsari. Shawara ce a kan manhaja nake gabatarwa tun kafin a ɗaura niyyar fita fage, domin masu ilmi su sa mata hannu su gyara. Da'awata kuwa guda ɗaya ce, wato cewa mafi yawan abin da aka tara a kan waɗannan bayin Allah riwaya ce daga bakin wasu, uwa ko likita ko malami, alhali shi mai halin yana zaune a gefe ba a tambaye shi ba. Kuma ba za a ji ta bakinsa ba sai an ajiye takardar tambayoyi, an ɗauko abin da hannunsa ya saba da shi, sa'an nan an bar masa haƙƙin fassara abin da ya yi.

Asalin mas'alar

Malaman hadisi, Allah Ya saka musu da alheri, sun koya mana cewa kafin a dubi matanin labari sai an dubi isnadinsa, a san wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma ko ya halarci abin da yake bayarwa. In muka auna ilmin otizim da wannan ma'auni, za mu tarar isnadinsa tun daga tushe bai kai ga mai halin ba. Likita Grunya Sukhareva ta siffanta wasu yara a birnin Mosko a 1925, Leo Kanner ya rubuta bayanin yara 11 a Baltimore ta Amurka a 1943, Hans Asperger kuma ya yi nasa a Viyana a 1944. Dukkansu masu lura ne na haƙiƙa, amma daga waje suka duba, kuma abin da ya fi tsaya wa Kanner a rai shi ne kaɗaitar yaran da nacewarsu a kan kada a sauya musu tsarin da suka saba. Daga nan aka gaji zaton cewa mai wannan lalura ba ya bukatar mutane, zaton da ya daɗe yana yawo a littattafan likitanci, har ya haifi wanda ya fi shi muni, wanda Bruno Bettelheim ya yaɗa a littafinsa na 1967, cewa wai ƙeƙashewar zuciyar uwa ce ke jawo abin. An daɗe da rushe wannan magana, an kuma tabbatar gado yana da babban rabo a cikin sababin, kamar yadda aka rushe ƙagen da Andrew Wakefield ya yi wa allurar rigakafi a 1998, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010. Na ambaci Bettelheim ne domin mu ma muna da irin nasa, don matar da ɗanta ya kai shekara huɗu bai yi magana ba, ba ta rasa mai ce mata ai rafi ta je da almuru tana da ciki, aka musanya mata da ɗan ruwa. Ko'ina dai uwa ake fara kamawa.

A nahiyarmu kuwa, har an taɓa tababar ko akwai lalurar ma, sai da Victor Lotter ya zaga ƙasashe shida, ciki har da Nijeriya, ya buga abin da ya gani a 1978. Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa da ke Inugu da abokin aikinsa Kerim Munir, da suka bibiyi rubuce-rubucen Afirka a 2011, sun lura cewa yaran da ke isa asibiti suna isa ne a makare, kuma da yawansu ba sa magana. Ma'anar wannan a fili take: wanda abin ya yi wa nauyi shi ake ɗauka a kai birni, wanda kuwa yake magana, yake noma, yake aure, yana nan cikin gari da wani suna dabam.

Juyin da ya sa wannan takarda ta yiwu ya zo ne daga masu halin kansu. Damian Milton, masanin zamantakewa a Ingila wanda shi kansa mai otizim ne, ya kawo hujja a 2012 cewa rashin fahimtar da ake jingina musu abu ne mai fuska biyu, domin kamar yadda suke kasa karanta nufinmu, haka mu ma muke kasa karanta nasu, sai dai da yake mu ne masu rinjaye, sai muka rubuta laifin a kansu su kaɗai. Catherine Crompton da abokan aikinta a Jami'ar Edinbara sun jarraba wannan a 2020, inda suka sa mutane su riƙa miƙa wa juna wani labari daga baki zuwa baki, sai aka tarar labarin yana isa da lafiyarsa a tsakanin masu otizim zalla kamar yadda yake isa a tsakanin waɗanda ba su da ita, amma ya fi zubewa a jerin da aka cakuɗa. To, idan gibin a tsakani yake, binciken da ya tsaya a gefe ɗaya yana auna ɗaya gefen rabin shaida kurum ya ji, kuma alƙali ba ya yanke hukunci da rabin shaida.

Tsaskiya da ma'aunin zama ɗan gida

Tsaskiya mazaɓa ce daga mazaɓun Safana, tare da irin su Runka da Zakka da Babban Duhu, a yammacin Jihar Katsina, inda gonakin gero da dawa da wake da gyaɗa ke ƙarewa Dajin Rugu ya fara, ya miƙe har cikin Zamfara. Hakimin Safana shi ke riƙe da sarautar Yariman Katsina, na Batsari kuwa Sarkin Ruma, kuma Hausawa manoma da Fulani makiyaya sun daɗe suna cuɗanya a wannan ƙasa. Ƙidayar 2006 ta ba Safana mutum sama da 180,000, Batsari sama da 200,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kirdadon kimanin yaro ɗaya cikin ɗari yana da otizim. Idan aka yi ƙiyasi da wannan, aka ɗauka rabin jama'ar yara ne, lissafi zai kusa kai 2,000 tun a wancan lokaci, ban da manya. Ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, amma ya isa ya nuna cewa ba a kan wani abu mai wuyar samu muke magana ba. Likitan da zai tantance kuwa sai an je birnin Katsina, ko Kano, ko Zariya, ko Kaduna, saboda haka binciken da ya shar'anta takardar shaidar asibiti kafin mutum ya shiga, kamar yadda aka saba a Turai, zai koma gida hannu rabbana. Mutanen da muke nema an san su da miskili, ko soko, ko bebe, ko mai iska, kuma wajibi ne a sami ma'aikacin lafiya ƙwararre a cikin tawagar, don kada mai bincike ya shiga raba wa 'ya'yan mutane sunan ciwo da ka.

Da me Bahaushe ke gane ɗan gida? Anthony Kirk-Greene, a laccarsa a kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa siffofi irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci, kuma duk wanda ya duba zai ga kusan babu ɗaya da ke bayyana sai a cikin mu'amala. A ƙauye ana auna mutum da ƙafarsa: ya zo suna, ya zo ɗaurin aure, ya bi gawa, ya fito gayya, ya zauna majalisa bayan la'asar. Mace kuma ana auna ta da biki da ƙawance da barka, irin igiyoyin nan da Baba ta Karo ta zayyana wa Mary Smith a littafin da ya fito a 1954. Wanda hayaniyar taro ke sa kansa ya yi kamar zai tsage, wanda kiɗan kalangu da guɗa ke kora bayan gari, ya faɗi wannan jarrabawa tun kafin a tambaye shi dalili, sai a ce ba shi da zumunci, alhali mai yiwuwa ne shi ne wanda ya san ranar haihuwar kowane ɗan akuya a gidan, kuma shi ne ba ya barci sai ya ji tarin kakarsa ya lafa.

Amma kada a zaci al'adarmu ƙofofi kurum take rufewa, domin akwai waɗanda take buɗewa da littattafan Turai ba su san da su ba, kuma a nan nake so in ɗan jima. Gaisuwarmu tsararriya ce: ina kwana, lafiya lau; ina gajiya, ba gajiya; ina aiki, da godiya. Tambaya sananniya ce, amsa ma sananniya ce, ba a bukatar ka karanci fuskar kowa, kuma mutumin da hira maras kan gado ke wahalarwa yana iya haddace wannan tsari ya sauke haƙƙin dattijan unguwa gaba ɗaya ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Kazalika kau da ido, wanda ma'aunan Turai suka lissafa cikin manyan alamomi, a wurinmu ladabi ne, yaron da ya zuba wa babba ido shi ne maras kunya, kuma a rugar Fulani kawaici ya fi haka zurfi. Sahun salla ma haka yake, lokaci sananne, motsi sananne, kafaɗa da kafaɗa ba tare da an nemi ka ce komai ba, ga shi sau biyar a yini ana shaida maka cewa kana cikin jama'a. A makarantar allo ana son mai naci da maimaitawa, ba a kuma hana yaro rangaji yana karatu, ko da yake amon muryoyi da bulalar gardi suna iya mai da wurin azaba ga wani. Kiwo kuwa sana'a ce ta mai lura da mai son shiru. Ina zaton, kuma zato ne da bincike zai gaskata ko ya ƙaryata, cewa wani mai otizim a Tsaskiya ya fi takwaransa na Landan samun gurbi a cikin jama'a ta waɗansu fuskoki, ba don an fahimce shi ba, sai don rayuwar kanta tana da tsari mai maimaituwa.

Inda ƙafa ke zamewa shi ne maganar da ba a nufin zahirinta: habaici, da gugar zana, da ba'ar taubasai, da wasan da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa ko Fulani da Barebari, inda zagi ƙauna ne, kuma wanda ya ɗauki abin da gaske ya zama abin dariya. Haka nan kara, wadda ke sa mutum ya ce ya ƙoshi alhali yana jin yunwa. Mai faɗin gaskiya tsirara a gaban suruki ba a ce masa mai gaskiya, a ce ba shi da hankali. 'Ya'ya mata sun fi shiga duhu, domin ko a ƙasashen da ake tantancewa an fi gano maza ninki uku zuwa huɗu, balle a inda shirun yarinya abin yabo ne. Sai ranar da aka kai ta gidan miji, cikin baƙin ɗaki da kishiya da dangin miji masu magana a dunƙule, abin ya fito, a ce aljanu sun shafe ta.

Wani abin lura shi ne, Hausawa sun daɗe da tsara wa masu naƙasa jama'a tasu: akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, kuma kuramen Kano suna da maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta rubuta nahawunta a 2000. Makaho yana da zauren da zai je ya tarar da irinsa. Mai otizim ba shi da wannan, domin lalurarsa ba ta da sanda ba ta da keke, kuma yana iya tsufa bai taɓa sanin akwai mai irin halinsa a ƙauyen gaba ba. Iyayen da suka gaji da rubutun sha da ruƙiyya da hayaƙi, abin da ke jiransu a ƙarshen hanya wani lokaci gidan mari ne, irin waɗanda 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, da Daura da Katsina a watan Oktoba, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, duk suna nan a takarda, amma tsakanin Abuja da zauren mai unguwa akwai tafiya.

A kan wannan duka sai ga fitinar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar ta ƙasar Batsari. A Satumban 2021 aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Safana da Batsari. Garuruwa sun watse, mutane sun kwana a azuzuwan makarantu da gidajen dangi a Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina. Gudun hijira masifa ce ga kowa, amma wanda zamansa ɗan gida ya rataya a kan hanya ɗaya da yake bi kullum zuwa rijiya, da inuwar tsamiya ɗaya, da shanun da ya san kowace da halinta, idan aka kore shanun aka ƙone rumbun, abin da ya rasa ya wuce dukiya, domin da waɗannan yake gane duniya. Ga kuma haɗarin da ba a faɗa: saurayin da 'yan sa-kai suka tsayar da dare, ya kasa amsawa, ko ya amsa abin da ba a tambaye shi ba, ko ya sheƙa da gudu saboda hasken tocila, a ƙasar da kalmar infoma ke iya cin ran mutum.

Manhajar da nake ba da shawara

Bincike tare da mutane, maimakon bincike a kansu, ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tunanin Paulo Freire na Birazil, cewa talaka masani ne a kan halinsa, ya sauka Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton da abokan aikinsa suka fitar da ɗalibai zuwa Samaru da ƙauyukan Zazzau suna shirya wasan kwaikwayo tare da manoma a kan matsalolin manoman, aikin da Oga Steve Abah ya ci gaba da rainonsa. A ƙasar Sin, Caroline Wang da Mary Ann Burris sun ba matan karkarar Yunnan kyamara a farkon shekarun 1990 don su ɗauki rayuwarsu su yi bayaninta da kansu. A fagen otizim kuwa, likita Christina Nicolaidis da Dora Raymaker, wadda mai otizim ce, sun kafa haɗin gwiwa a Portland ta Amurka a 2006, inda masu halin ke zama abokan bincike tun daga zaɓen tambaya har zuwa rubuta sakamako. Sherry Arnstein ta riga ta yi gargaɗi tun 1969 cewa sa hannun jama'a hawa-hawa ne, kuma matakan ƙasa sunan shawara kawai gare su. Mun san irin wannan: a tara mutane a ƙarƙashin rumfa, a raba lemo, a ɗauki hoto, a rubuta cewa al'umma ta amince.

Kyamara ita ce kayan aikin da aka fi yayi, kuma ita ce ta farko da zan ce a ajiye a Tsaskiya. Wanda aka gani yana ɗaukar hoton hanyoyi da ƙofofin gidaje da garken shanu a bakin Rugu ya jawo wa kansa tuhumar da babu takardar jami'a da za ta wanke shi, balle a ɗora wannan a wuyan mutumin da ba zai iya kare kansa da baki ba. Abin da ya fi aminci, kuma ya fi kusa da hannu, shi ne ƙasa. A share fili a tsakar gida, a ba mutum tsakuwa da ƙwallon goruba da karan dawa, a ce ya ajiye kansa, sa'an nan ya ajiye duk wanda yake nasa, kusa ko nesa yadda ya ga dama, ba tare da an ce masa mutane kaɗai ake nufi ba. Idan ya sa saniya kusa da shi fiye da wansa, ko ya sa liman da ba su taɓa hira ba a jikin mahaifiyarsa, ko ya sa wanda ya rasu, wannan shi ne bayanin da muka zo nema. Bayan an gama a kwafe surar a takarda ba tare da sunan kowa ba, a share filin da tsintsiya.

Yaran karkara suna gina shanun laka, suna ƙera motar kara, 'yan mata suna yi wa 'yartsana aure. Manya suna saƙar faifai da tabarma, suna ɗinkin hula, suna zayyanar allo. Duk waɗannan harsuna ne, kuma falalarsu ita ce ana yin su kafaɗa da kafaɗa, ido yana kan aiki, magana tana zuwa in ta ga dama. Tatsuniya ma tana da amfani ta wata fuska, domin kunya tana hana mutum ya ce baffana yana dukana, amma ba ta hana shi ya ƙarasa labarin wani maraya da aka fara masa aka tsaya a tsakiya. Sai dai a kula, wasu masu otizim ba sa son ƙage, sun fi son a tambaye su kai tsaye, kuma wannan ma haƙƙinsu ne. Akwai kuma rakiya, wato mai bincike ya bi mutum a zagayensa na yini a cikin gari, inda tsaro ya yarda, ya ga inda yake tsayawa, da wanda ke miƙa masa fura ba tare da sun ce uffan ba. Mata su yi aiki da mata a cikin gida, maza a zaure ko gindin bishiya, a lokacin da mai halin ya zaɓa, ba ranar kasuwa ba, ba kuma cikin tsakiyar shuka ko girbi ba.

Wurin da irin wannan bincike ya fi lalacewa shi ne tafsiri. Mu ƙaddara wani ya gina gida da laka, ya ajiye mutum ɗaya can bayan danga. Mai bincike da ya sha littattafai zai rubuta nan take cewa ga alamar wariya, alhali in an tambayi maginin yana iya cewa nan ne wurin da ya fi so a duniya, domin daga nan yana jin muryar kowa ba tare da kowa ya taɓa shi ba, kuma a wurinsa wannan shi ne zama cikin dangi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka sharaɗi ne kada a rubuta ma'anar wani aiki sai an mayar wa mai shi ya gaskata ko ya gyara, da baki ko da ishara ko da sake jera tsakuwar; inda kuwa fassararsa ta saɓa da ta mahaifiyarsa, a rubuta duka biyun, kowace da sunan mai ita, kada a narkar da su a ce iyali sun ce. Ga waɗanda ba sa magana sam, uwa ko yaya ita ce tafinta, kuma ba a raina saninta, amma a riƙa bambanta abin da ta gani da abin da ta fahimta.

Batun izini yana da nauyi na musamman a Arewa, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya a kan ko iyaye sun san abin da aka yi, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003. Dole a bi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa da liman da maigida, amma izinin waɗannan duka ƙofa ce kurum, ba ya tsayawa a madadin yardar mai halin. Fiƙihunmu na Malikiyya yana da abin da zai taimaka a nan fiye da yadda ake zato. Malamai sun bambanta majnuni da ma'atuhi da safihi, ba su tara su a kwando ɗaya ba. Sun ce hana mutum tasarrufi a dukiyarsa ba ya kore nasabarsa, ko gadonsa, ko haƙƙinsa na zumunci. Sun kuma karɓi ishara mai fahimtuwa daga wanda ba ya magana a ciniki da aure da saki. In shari'a ta yarda a ƙulla aure da ishara, ba mai bincike ne zai ce ishara ba ta isa bayani ba. Da yawan masu otizim ma mukallafai ne cikakku, hankalinsu garau, ba su bukatar waliyyi a wannan babi. Shiru kuwa kada a ɗauke shi yarda. Wanda ya tashi ya fita, ko ya juya baya, ko ya toshe kunne, ya janye izininsa na wannan rana, sai a naɗe tabarma.

Na san za a ce, mutanen da ke neman kuɗin fansa da abin sa wa a baki, ina su ina gina shanun laka da baƙi daga jami'a? Tambaya ce mai haƙƙi, kuma amsarta tana cikin abin da binciken zai bari a gari. Idan 'yan sa-kai da jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2023 suka san cewa wane ba ya amsa kira ne saboda halittarsa, an tsare rai. Idan masu kula da 'yan gudun hijira suka san a ware wani lungu maras hayaniya, an rage azaba ba tare da an kashe ko kwabo ba. Idan malamin allo ya gane cewa almajirin nan ba taurin kai gare shi ba, bulala ta huta. Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita duk suna Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma tana Katsina, kuma a cikin ɗalibansu akwai 'yan wannan ƙasa da suka san wace hanya ake bi da wace ba a bi, waɗanda ya kamata su zama ƙashin bayan aikin maimakon a ɗauko mutum daga nesa.

Kwamitin da zai jagoranci aikin ya ƙunshi masu otizim manya tun daga zaman farko, da kujera da murya, ko da sai an fara gayyato waɗanda suka riga suka san halinsu daga Katsina ko Kano kafin na gida su fito. A biya kowa ladan yinin da ya bari na gona ko na kiwo, a hannunsa, ba a hannun maigidansa ba. Abin da mutum ya gina ko ya saƙa mallakarsa ne, in ya so ya ba da aro, in ya so ya fasa. Kuma kafin a karanta sakamakon a wani zauren taron masu ilmi, sai an fara karanta shi da Hausa a Tsaskiya, zama ɗaya na maza, ɗaya na mata, bayan an cire duk abin da zai sa a gane gidan wane ake nufi, domin a gari ƙarami sauya suna ba ya suturta kowa. Duk sakin layin da masu halin suka ce a cire, a cire shi, ko da shi ne wanda mai binciken ya fi alfahari da shi.